Makaɗi da gurgu a kwamitin gari: abin da aka tattauna a zauren 'yan garinmu na waya

Sakatare: Salamu alaikum. Kwamitin gyaran burtsatse da asibitin sha-ka-tafi ya zama mutum tara. Na ƙara Sarkin Kiɗa da telan bakin kasuwa, wanda shan-inna ta taɓa. Wanda ke da magana ya yi kafin mu kai wa Dagaci.

Alhaji mai hatsi: Wa alaikumus salam. Ni ban amince ba, kuma ba don ƙiyayya ba. Mai karɓa ba ya zama cikin masu rabawa. Makaɗi bakinsa na wurin wanda ya liƙa masa kuɗi. Gobe ɗan kwangila ya ba shi babbar riga, sai mu ji ana wasa shi. Tela kuwa a tausaya masa, zirga-zirgar Ringim da Dutse za ta wahalar da shi.

Tela: Baba Alhaji, na gode da tausayi, amma da kekena nake zuwa kasuwar Ringim sayen yadi, ban taɓa aiken kowa ba. Abin da ke wahalar da ni matakala uku ce a ƙofar asibitin nan. Ranar da matata ta haihu, a waje na zauna a rana har wasu samari suka cicciɓe ni kamar buhu. Dakalin burtsatse ma an ɗaga shi, hannuna ba ya kai famfo. Masu ƙafa ne suka zauna suka tsara, ba wanda ya tuna da mu. In an sake gyarawa ba ni a wurin, haka za a maimaita.

Malamin firamare: Kuma doka na bayansa. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, aka ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su yi hanyar keke. Wa'adin ya wuce.

Alhaji mai hatsi: Malam, dokar Abuja daban, zaman ƙauye daban. A Jigawa tun zamanin Sule Lamido ake ba su alawus duk wata. Ba a manta da su ba.

Tela: Alawus ba ya hau da ni matakala, Baba.

Malamin Islamiyya: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barinsa a kan Madina idan zai fita. Batun tela a wurina ya ƙare. Na makaɗi ne nake da ja, domin kiɗa ba abin da malamai suka haɗu a kan halaccinsa ba ne.

Uwargida, shugabar mata: Allah gafarta malam, ba kiɗa za a yi a kwamiti ba. Wa ke buga gangar gayya in za a yi noman gonar masallaci? Wa ya zaga unguwa-unguwa yana shelar rigakafi lokacin da mata ke ɓoye yara a ɗaka? Ni da kaina na fito da nawa saboda muryarsa. In muna neman a tara jama'a, shi muke aika wa yaro da sassafe. In an zo zama, sai a nuna masa bakin tabarma wajen takalma. Ɗansa ya gama NCE, gida biyu ya nemi aure aka ce ba a ba maroƙi. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai.

Malamin firamare: Shata ma da kalangu ya yi suna, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Alhaji mai hatsi: Shata daban ne, Malam. To, na janye a kan tela, maganar matakalar nan ta shige ni, ban taɓa lura ba. Makaɗi kuwa ya shiga, amma kada a ba shi ajiyar kuɗi.

Uwargida: Alhaji, ma'ajin da muka yi a baya ba makaɗi ba ne, kuma har yau ba mu ga lissafin kuɗin siminti ba. A bar kwamiti ya zaɓa.

Sakatare: Sunayen tara na nan yadda suke. Batun ma'aji ranar Juma'a bayan La'asar. Za a zauna a gindin darbejiya na ƙofar Dagaci, ba cikin soro ba, saboda keken tela ba ya shiga. Sarkin Kiɗa ba shi da babbar waya, zan je gidansa in gaya masa da baki.