Tafiyar ɗaukar hoto Tsaunin Mambila: ƙarshen Oktoba ko hutun Disamba?

Abban Sadiya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa hawa tsaunin Mambila na Jihar Taraba da kyamara. Mu tara ne, duk masu sha'awar ɗaukar hoton tuddai da duwatsu, babu mai cin abinci da wannan sana'a a cikinmu, kuma mun fi shekara muna karo-karo domin tafiyar. Kwana shida kacal gare mu, har da zuwa da dawowa. Abu biyu ne suka raba kanmu. Na farko lokaci: huɗu daga cikinmu ma'aikata ne, sun fi son makon ƙarshe na Disamba saboda hutu, sauran kuma sun dage a tafi ƙarshen Oktoba tun ciyawa tana kore. Na biyu mota: ko mu ɗauki shatar bas tun daga Kano har Gembu, babban garin da ke kan tsaunin, ko mu shiga motar haya zuwa Jalingo mu nemi wata a can. Ba za mu hau dutsen Chappal Waddi ba, domin akwai dattijo mai ciwon gwiwa a cikinmu. Burinmu gonakin shayi na Kakara, da tuddan Nguroje, da kogin Donga a Gembu. Ni ne ma'aji, kuma na yi alkawarin kawo amsa kafin Juma'a mai zuwa.

Sarkin Yawo:
Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya je yankin nan bai hau Chappal Waddi ba, ai bai je ba. Shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti a kan iyakar Kamaru. Ku tsaya a Serti, inda hedikwatar gandun take, ku nemi izini da jagora, ku ware kwanaki na tafiyar ƙafa. Ba za ku yi da-na-sani ba.

Ɗan Tudun Wada, Jos:
Me zai kai ku wannan nisa da kwana shida? Ku zo Jos. Ga duwatsun Shere, ga na Riyom, ga ruwan Assop a bakin titi, kuma da hantsi za ku baro Kano ku yi la'asar a nan.

Malam Na-Gombe:
Abban Sadiya, zauna da kyau ka ji abin da ya same ni, domin ni na yi irin tafiyar da ma'aikatanku suke so, a ƙarshen Disamba, mu goma sha ɗaya cikin bas ɗin shata. Mun kwana Jalingo da shirin tashi ƙarfe shida, amma ba mu bar garin ba sai tara ta wuce, saboda mutum biyu sun tafi neman batir, wani kuma ya ce ba ya tafiya sai ya ci ƙosai. Muka bi ta Garba Chede, muka wuce Bali da Serti, ba mu isa Mayo Selbe a gindin tsaunin ba sai da la'asar sakaliya. Daga nan ne hawan yake farawa, kwana bisa kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Direbanmu ɗan titin kwance ne, bai taɓa ganin hawa irin wannan ba. Ba mu yi rabi ba motar ta ɗauki zafi, warin kuloci ya cika ciki, muka sauka kowa ya ɗauki dutse yana bin ta a baya domin a yi wa taya waigi idan ta tsaya. Hasken da na yi tafiyar kwana biyu dominsa yana zuba a kan kwarin da ke ƙasa, ni kuwa dutse ne a hannuna, kyamara tana cikin but.

Da asuba na tashi ƙarfe huɗu da rabi, na ƙwanƙwasa wa direba. Ya leƙo cikin bargo ya ce yarjejeniyarsa ita ce ya kawo mu ya mayar da mu, babu yawon asuba a ciki, sai an ƙara kuɗi. Ma'ajinmu yana barci, kuma da ya farka ya ce ba zai taɓa kuɗin jama'a ba sai an yi shawara. Kafin a gama shawarar rana ta yi tsayin mashi. Ko da muka isa kan tudun, sai na gane ashe ba direba ne babban abokin gabana ba, hunturu ne. Tudu na farko kana ganinsa, na biyu ya zama toka, na uku kuwa babu shi sam, sai farin hazo kamar an rataya zane. Ciyawa ta bushe, an ƙone ta a wurare da yawa, ƙasa ta yi baƙi-baƙi kamar tabon wuta. Na ɗauki hoto ya fi dubu a kwana uku, waɗanda na ajiye ba su kai goma ba. Guda ɗaya ne nake alfahari da shi: wani yaron Fulani yana kora jajayen shanu ta cikin layin itatuwan zaiti, rana tana ratsa ƙurar da kofatonsu ya tayar. Shi ma wannan yana da labarinsa, sai dai ba yanzu ba. Har yau mutum uku daga cikin tawagar nan ba ma ga maciji da juna.

Abban Sadiya, Kano:
Allah ya mayar da alheri, Malam. Na fahimci ba ka goyon bayan Disamba. To batun mota fa, da a Jalingo kuka ɗauki wata, kana ganin da abin ya zo da sauƙi?

Ɗan Tudun Wada, Jos:
A Jalingo kujerar mota zuwa Gembu naira dubu bakwai na biya da hannuna lokacin da na je. Ku tara ku sayi kujerun mota biyu, an gama.

Baban Yara, Jalingo:
Ɗan'uwa, wannan kuɗin na wace shekara ne? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu mai kai ka Gembu a haka. Ƙanena ya biya dubu ashirin kwanan baya, kuma sai da aka cusa su huɗu a baya. Shatar Hilux kuwa an ce mini dubu ɗari da ashirin a yini, da mai da direba.

Hajiya Mai Nikon, Kaduna:
Mu dubu saba'in muka biya a yini, amma mu muke zuba mai, mu muke ciyar da direba, don haka ban san wanda ya fi sauƙi ba a cikin biyun. Abban Sadiya, ni na je a makon farko na Nuwamba, mu shida, kuma abin da na gani ya sha bamban da na Malam Na-Gombe. Bayan sallar asuba muka tsaya a wani tudu kusa da Nguroje, gajimare yana kwance a cikin kwari ƙasa da ƙafafunmu, kawunan tuddai sun leƙo daga cikinsa kore shar, har wata abokiyar tafiyarmu ta manta da kyamarar da ke wuyanta tana ta salati. Wannan kyan bai fi minti arba'in ba, daga nan sai ya narke. Wanda bai kafa sitan ɗin kyamararsa mai ƙafa uku kafin ƙarfe shida ba, sai dai a ba shi labari. Amma kada in ɓoye maka ɗaya ɓangaren. Sau biyu ruwa ya tsare mu da yamma, kuma da zarar ka sauka daga kwalta, jar ƙasar nan ta jiƙe, santsinta ya fi sabulu. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni zuwa dajin Ngel Nyaki ta ƙauyen Yelwa ya zame da ni, na faɗi a kan jakata, Allah ya sa gilashin kyamarar bai tsage ba. Bayan wata biyu da dawowa na ga fumfuna ta fara saƙa a cikinsa saboda danshin da ya sha. Ku tafi da leda mai kauri da batir na ƙari, domin sanyi yana shanye caji, wutar masauki kuma ta janareta ce, ana kashe ta da dare. Ku kuma rubuta wa direba tun a tasha cewa da fitar asuba aka yi ciniki.

Ɗan Ƙasa, Gembu:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma da girmamawa nake cewa baƙo mai kwana uku ba zai yanke wa Mambila hukunci ba. A nan aka haife ni. Hazon hunturu ba kullum yake sauka ba, akwai ranakun Disamba da sama take wankewa tas, kuma a lokacin ne hanyoyin ƙauyuka suke biyuwa ba sai da tsohuwar Land Rover ba. Oktoba a wurinmu damina ce sosai, ba kamar Kano ba da ruwa yake ɗaukewa tun farkon watan. Idan dattijonku mai ciwon gwiwa ne, a laka za ku sa shi tafiya? Abu na biyu da babu wanda ya faɗa: kada ku ɗaga kyamara a kan shanun mutum ko gonarsa ba ku yi sallama kun nemi izini ba. Maganar fili a nan ba ta wasa ba ce, mun ga rikicin manoma da makiyaya da ya faru a 2017, kuma baƙon da ya tsaya da na'ura mai ƙafa uku yana auna tudu, ba kowa ne zai ɗauka hoto yake yi ba. Ku fara gaida mai unguwa, ku ɗauki yaron gari ya riƙa yi muku magana da Fulatanci.

Malam Na-Gombe:
Ɗan Ƙasa, ban ƙi maganarka ta izini ba, gaskiya ce. Amma ka taɓa riƙe kyamara? Abin da idonka yake kira sama ta wanke, gilashin kyamara yana ganinsa kamar kunun kanwa. Tambayar Abban Sadiya ta masu ɗaukar hoto ce, ba ta direbobin Land Rover ba.

Ɗan Ƙasa, Gembu:
Malam, ban taɓa riƙe irin taka ba, amma na taɓa tura motar masu irin taka daga cikin laka, sau ba adadi. Wanda ya kasa tayar da direbansa da asuba, ban ga dalilin da zai ɗora laifi a kan wata guda cikin watannin Allah ba.

Hajiya Mai Nikon, Kaduna:
Ku yi haƙuri da juna, iyayena. Kowannenku ya faɗi abin da ya sani, ɗaya ya san hanya, ɗaya ya san haske.

Kawu Mai Zolaya:
Ni shawarata ga ma'aji ita ce ya cire kuɗin igiya daga asusu, a ɗaure mai son ƙosai a kujera tun daren Jalingo. Da na dawo daga tawa tafiyar, uwargida ta duba hotunan ta ce tudu ɗaya ne na ɗauka sau ɗari uku, ta tambaye ni ko yana motsi ne shi ya sa na kasa kama shi.

Sarkin Yawo:
Kuma idan akwai mai jirgi maras matuƙi a cikinku, ya nemi takardar izini tun kafin ku tashi, domin yankin kan iyaka ne kuma akwai shingayen bincike a hanya. Har yanzu ina kan bakana game da Chappal Waddi.

Malam Na-Gombe:
Tunda an taɓo ni, bari in ƙarasa labarin hoton yaron nan da shanunsa. Mun yi yarjejeniya kowa ya zuba hotunansa a dandalinmu na WhatsApp domin a koya daga juna. Na zuba nawa da cikakken girmansa, ban sa suna a jiki ba, don ina ganin a cikin 'yan'uwa nake. Ba a yi mako biyu ba na gan shi a Facebook a shafin ɗaya daga cikinmu, mutumin da yake barci a mota lokacin da na ɗauki hoton, mutane suna ta yi masa Allah ya ƙara basira yana amsawa da amin. Da na yi magana, sai aka ce ai tafiyar karo-karo ce, da kuɗin kowa aka isa wurin, don haka hoton na kowa ne. Daga baya na ga hoton a jikin kalandar wani kanti, an rubuta adireshi a kan ƙahon saniyar da na fi so.

Baban Yara, Jalingo:
Wannan cuta ta zama ruwan dare. Nawa hoton na gonar shayin Kakara da na sa wa suna a kusurwar ƙasa, yanke sunan aka yi da layin shayi biyu, wani shafi ya ɗora shi ya ce wai ƙasar Suwizalan ce. Mutanen Taraba suka yi ta gyara masa sunan wuri, amma ko mutum ɗaya bai tambayi wanda ya ɗauka ba.

Hajiya Mai Nikon, Kaduna:
Shi ya sa ni yanzu a tsakiyar hoto nake sa sunana, da rubutu mai dishi-dishi, kuma ba na tura wa kowa ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, domin shi ne shaidata idan rigima ta taso.

Malam Na-Gombe:
Hajiya, suna a tsakiyar tudu ai ɓata hoto ne. Mutum ya sha sanyin asuba domin ya kama gajimare, sannan ya rubuta sunansa a kai kamar buhun masara?

Abban Sadiya, Kano:
Na gode ƙwarai da gaske, kuma zan kai wa 'yan tawagarmu maganar mallakar hoto mu rubuta ta kafin mu tashi. Sai dai gobe Alhamis, har yanzu ban san abin da zan ce musu game da bas ɗin Kano ba. Ɗan Ƙasa, idan muka matsa zuwa tsakiyar Nuwamba, hanyar Kakara tana bushewa?

Kawu Mai Zolaya:
Malam Na-Gombe, ka turo mana hoton kalandar mana, mu ga yadda adireshin ya zauna a kan ƙahon.