Neman kalma: wannan "rikognishan" da malamai ke ta faɗa, ya za mu kira shi da Hausa?

Assalamu alaikum malamai. Dan Allah masu Hausa ku matso, waɗanda suka karanci harshen da waɗanda a nono suka sha shi. Tunda zancen fita waje ya shiga ofishin malaman firamare a garin nan na Bauchi akwai kalmar da kullum sai ka ji ta, wai rikognishan. Wance ta tura takardunta rikognishan, wane yana jiran rikognishan daga Ingila. In ka ce to faɗa min da Hausa sai a ce maka ai tantancewa ce. Ni dai tantancewa bata kwanta min ba, kuma ba iyayi bane wlh, gani nayi kalmar tana jawo ma mutane asarar kuɗi.

Ga abinda nake nufi. Malami ya gama NCE ɗinsa a Azare ko Kangere ko FCE ta Gombe, yana da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, shekara da shekaru yana riƙe da aji uku. Ya kwashi takardu ya kai Abuja, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buga hatimi, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga nata, in ƙasar da zashi ta nema ofishin jakadancinta ma ya buga, ya dawo gida yana cewa alhamdulillahi an tantance. Kuma gaskiya ne an tantance, amma abinda hatiman nan suka faɗa kawai shine takardar ba jabu bace. Ba wanda ya ce ta kai tasu ta can, balle a ce ya shiga aji ya ɗau alli. Wancan aikin wasu ne daban, a Birtaniya UK ENIC ce ke yi, wadda kafin 2021 ake ce mata UK NARIC, masu neman Kanada da Amurka kuma da yawa wata cibiya mai suna WES suke tura ma, su zasu duba shekara nawa kayi, me ka karanta, a wace makaranta, sannan su rubuto su ce a wajenmu ga matakin da takardar nan ta tsaya. Ko wannan ɗin ta fito da kyau har yanzu baka zama cikakken malami a can ba sai hukumar malamai ta baka izini, a Ingila sunan izinin QTS, a Kanada kowane lardi da hukumarsa, a Amurka kowace jiha da nata. To duk doguwar hanyar nan mu kalma ɗaya muka aza mata. Shi yasa ejan zai karɓi kuɗin mutum ya ce zai masa rikognishan, ya kawo masa takarda da hatimi, ba ka da bakin cewa yayi ƙarya, shi kuma bawan Allah ya sai da fili yana zaune yana jiran kira.

Na tsakiyar nan shi yafi damuna, wato duba takardarka a ce ga matsayinta a ƙasar wasu. Shi ne bamu da sunansa sam. A kawo kalma dan Allah, wadda in na faɗa ma malama a ƙauyen Ningi ko Dukku zata gane ba sai na sake fassarawa ba.

Wata malama daga Azare:
Wa alaikumus salam Malam. Ni inaga "daidaita takarda" ya isa ai, tunda so ake a ga tayi daidai da tasu.

Mai tambaya:
Na gode Malama. Inda take ban tsoro, a Hausa mai daidaitawa taɓa abin yake yi, a daidaita sahu, a daidaita mata da miji, kowa sai ya ɗan gusa. Su kuwa mutanen nan basa ƙara ma takardarki komai basa rage mata. Kuma in kika ce ma mutumin gari "na kai a daidaita min takarda" wlh abinda zai faɗo masa a rai shine kin kai an gyara miki sakamako ta bayan gida. Sannan ba kullum take fitowa daidai ba, sau da yawa ƙasa take fitowa, kinga sunan ya riga yayi alƙawarin da ba lallai a cika ba.

Wani malamin Arabiyya daga Gombe:
Akaramakallahu ai kalmar tana nan tun tuni, mu'adala. Duk wanda ya taɓa neman Azhar ko wata jami'a a ƙasar Larabawa ya san ta, kuma har gobe sunan da ma'aikatun ilimi ke kiran abin kenan a Masar da Saudiyya. Wani abin sha'awa su Larabawa sun raba tun farko, buga hatimi tasdiƙi ne, mu'adala kuma daban, ba mai haɗa su. Tushenta ɗaya da adalci, kuma bakin Bahaushe ya saba da irinta, mu'amala, muhawara, musabaƙa. Me zai sa mu ƙirƙiro sabuwa alhali ga wadda ɗalibanmu ke faɗa shekaru aru-aru?

Wani malami daga Billiri:
Malam da girmamawa, mu nan Billiri da Kaltungo Hausa muke yi a makaranta da kasuwa da coci, amma ni yau na fara jin mu'adala. Da na karanta ma mujadala na fara gani. In sai an min fassarar kalmar da aka kawo don ta fassara min wata, ina amfanin?

Mai tambaya:
Maganar ku biyun duk abin riƙewa ce. Abinda na ɗauka a wajen Malam shine rabewar nan, ashe ba ni kaɗai nake ganin abu biyu bane, harshe guda ya riga ya raba su. Mu'adala kuma ba mai hana ta a zauren malaman Arabiyya da masu neman Saudiyya, dama can da ita zasu cike fom. Amma ajin firamare a Bauchi da Gombe na kowa ne, malami daga Bogoro da malami daga Katagum teburi ɗaya suke zama, ina son kalmar da zata shiga kunnen duka biyun.

Wani ɗalibin Hausa a Gadau:
Kimantawa fa? Gidajen rediyo suna amfani da ita, kuma ma'anar ta hau, a faɗi kimar abu.

Mai tambaya:
Ta hau kam. Sai dai nauyi gareta, Hausar takarda ce, kuma kima tana jan hankali wajen mutunci. In aka ce an kimanta takardar malami ta fito ƙasa kamar an ce shi ɗin ne bashi da kima, abin da ciwo. A ajiye ta don rubutun jarida.

Wani tsohon hedimasta mai ritaya:
'Ya'yana kun tafi da nisa abin yana gindinku. Awo ake ce masa. Awon takarda. Mudun wannan kasuwa daban na waccan daban, hatsin bai canza ba, ba kuma wanda ya ce na sata ne, amma abinda ya cika mudu a nan sai ka kai can a ce da saura. Kuma wannan awon mu a gida aka fara mana shi ba a waje ba. Zamaninmu mai takardar koyarwa ta Gireti Tu malami ne cikakke, har hedimasta yake zama, rana ɗaya aka ce NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, mutane da furfurarsu suka koma karatun NTI, cibiyar horar da malamai, na ƙarshen mako don su cike. Ba wanda ya ce takardunmu jabu ne, ma'aunin ne aka ƙara ma girma. Tafawa Ɓalewa kansa yana malami a makarantar Midil ta Bauchi ya tafi Landan a 1945 ya ƙaro takardar koyarwa, fita neman cikon takarda ba yau malamin Bauchi ya fara ba.

Mai tambaya:
Baba Allah ya ƙara girma, wlh ka gama magana. Kunga abinda awo ta fi sauran da shi, bata yi alƙawarin komai ba. Ana awo ya cika, ana awo ya kasa, kuma kowa ya san mai awo baya ƙara maka baya rage maka, faɗa maka kawai zai yi. Ga ta da 'ya'ya kuma, a auna, ma'auni, masu awo, sakamakon awo, kuɗin awo, duk sun zauna ba tilas. Na gwada ta ta ɗaya ɓangaren ma, yaranmu da suka yi digiri a Sudan ko Indiya ko Yuganda in sun dawo sai Ma'aikatar Ilimi ta duba takardunsu kafin su tafi bautar ƙasa, to shima awon takarda ne, mu ne masu ma'aunin a ranar. Kalmar da ta yi aiki a fita ta yi aiki a shigowa ai ta kama ƙasa.

Malamar Azare:
Na yarda Baba. Amma Malam a dinga cika ta fa, a ce awon takarda, don mu mata in aka ce wance ta tafi awo asibiti kowa zai nufa.

Mai tambaya:
Gaskiyarki, kada a yanke mata wutsiya.

Wata matashiyar malama a Gombe:
Malam dan Allah tambaya, ni NCE gareni a ɓangaren firamare, shekarana na biyar ina koyarwa a makarantan kuɗi. Kenan in aka min awon nan shikenan zan iya neman QTS ɗin? Don a guruf ɗinmu cewa ake Ingila ta buɗe ma malaman Najeriya ƙofa.

Mai tambaya:
Ƙanwata tambayarki ita ce dalilin da yasa na buɗe zancen nan gaba ɗaya. Eh an buɗe, daga watan Fabrairun 2023 aka sa Najeriya cikin ƙasashen da malamansu zasu iya neman QTS kai tsaye, tare da irin su Ghana da Indiya da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Amma sharaɗin da aka sa ma ƙasashen nan a sanarwar shine mutum ya zama malamin lissafi ko kimiyya ko harsuna, mai takardar koyar da 'yan shekara 11 zuwa 16, ga digiri, ga gogewar aƙalla shekara ɗaya a aji. Kinga a sanarwar 2023 ɗin malamin firamare baya ciki kenan, kuma yawancin masu yaɗa labarin a WhatsApp sun tsallake wannan layin. NCE kuma karatun shekara uku ne mai daraja amma ba digiri bace ko a nan gida, shi yasa mai ita yake shiga jami'a ta JAMB ya fara daga aji biyu, to masu awo na can ba zasu ɗaga ta sama da inda mu muka ajiye ta ba. In har kina da niyyar fita kuɗin da zaki ba ejan ki kai su B.Ed, wato digirin koyarwa, tukun. Sannan QTS ɗin kanta ba aiki bace ba biza bace, sai makaranta ta ɗauke ki ta tsaya miki. Sharuɗɗan nan suna canzawa, ki dinga dubawa a shafin gwamnatinsu da idonki.

Malamin Arabiyya:
To na sallama a kan awo. Amma izinin shiga ajin nan fa, ijaza ce sak, malami ya ce ma ɗalibi na yarje maka ka karantar.

Malamin Billiri:
Ma'anar tayi kyau Malam, sai dai lasisi ko direban Keke Napep ya san shi, kuma TRCN ma abinda take bamu lasisi muke ce masa.

Mai tambaya:
Lasisin koyarwa ya wadatar, ijaza a bar ta da alfarmarta a zaure. Kuma lasisi yana ɗauke da wani abu da nake so mutane su ji, cewa na ƙasa ɗaya baya aiki a wata sai an yarda, har ma yana ƙarewa a sabunta.

Saura ita uwar kalmar, rikognishan ɗin kanta. Amincewa ita ce zata fara zuwa baki amma ni karɓuwa nake so. Amincewa aikin wani ne a kanka, hukuma ɗaya zata iya amincewa ta gaba ta ƙi. Karɓuwa kuwa halin da takardar ta shiga ne bayan an gama komai, kamar yadda muke cewa maganarsa ta karɓu. Ko yarjejeniyar nan da UNESCO ta zartar a 2019 ta fara aiki a 2023 in aka ce mata yarjejeniyar karɓuwar takardun manyan makarantu kowa ya gane, ita ma ɗin bata ba kowa lasisin shiga aji. Ku ji yadda zata fito a baki: "An tantance takarduna a Abuja, na tura awo, awon ya fito daidai da digirinsu, yanzu lasisi nake nema, in ya fito takarduna sun karɓu." Wanda yaji wannan ya san inda mutum yake a hanya. Kuma in ejan ya ce zai maka rikognishan sai ka ce wanne daga ciki, tantancewa ko awo ko lasisi, wace hukuma ce zata bayar, nawa take karɓa a shafinta.

Tsohon hedimasta:
Madalla. Sai ku fara faɗarta a ofishin malamai ranar Litinin, in ba a faɗa ba bata zama.

Matashiyar malama:
Na gode Malam, na tura ma guruf ɗinmu. Toh tiranskirif fa? Don masu awon sun ce makarantan ce zata tura musu da kanta ba ni ba, kuma mamana ta tambaye ni mene ne shi na kasa faɗa mata.

Mai tambaya:
Ki ce mata takardar makin da kika ci ne a kowane darasi tun daga shekarar farko har kika gama. Ni "jadawalin maki" nake ce masa amma bai gama zama min ba, wanda yake da wadda ta fi ya kawo.