Manhajar da ke kwaikwayon sautin kulob: ta isa gwaji ita kaɗai?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum masu sana'a. Tambayata kan manhajojin nan ne da ake ɗorawa a kan masta (layin ƙarshe da duk sautin waƙa ke bi ya fita), su sa ka ji kiɗa a hedfon kamar kana tsakiyar kulob. Asakaa (salon drill na Kumasi) da kiɗan rawa nake haɗawa a manhajar FL Studio, ɗakin ƙarami ne, sifikun inci 5, babu sab (sifikar bes). A ɗaki 808 (dogon bes ɗin kiɗan) yana zaune daram, amma da DJ ya saka a manyan sifiku, ko dai bes ya ɓace, ko ya haɗiye murya. Wacce zan nema?

Baba Sauti:
Wa alaikumus salam ƙanena. VSX ta Steven Slate Audio tana zuwa da hedfon ɗinta, da shi aka auna ta, don haka kar ka yi tunanin haɗa ta da naka. Realphones ta dSONIQ kuwa sai ka zaɓi samfurin hedfon ɗinka a jerinsu, ta fara daidaita shi, sannan ta ɗora masa ɗakin. Duka biyun suna da kulob. MixChecker ta Audified ta fi ƙarfi wajen waya, mota da talabijin.

Abin da suke nuna maka da kyau: yadda amsa-kuwwar ɗaki ke haɗuwa da wadda ka riga ka zuba wa murya har kalmomi su cakuɗe, da kaifin nan na 2 zuwa 4 kHz da ke sukar kunne a manyan sifiku. Abin da ba za su ba ka ba shi ne dukan ƙirji. Kulob na iya kai 100 dB, kuma kunne yana ƙara jin bes ne gwargwadon ƙarfin ƙara, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Kar ka ƙure hedfon don ka kamo wannan, kunnenka ne zai biya.

Sa manhajar a ramin ƙarshe na masta, bayan limita (mai hana ƙara wuce iyaka). Ka fara jin wata waƙa da ka san tana tashi a kulob ta cikinta, sannan taka, ƙarfinsu ɗaya. Minti ɗaya ya isa, in ka daɗe kunne zai saba. Kuma ka kashe ta kafin ka fitar da fayil, nan ne mutane da yawa ke kwafsawa.

Injiniya na Asawase:
Baba ya gama magana kan manhaja, amma ciwonka biyu ne, kowanne da sanadinsa.

Ɓacewar bes yawanci matsalar mono ce, wato haɗe sautin hagu da na dama su zama ɗaya. A kulob da yawa, duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz ana haɗe hagu da dama a tura wa sab. In ka sa wa 808 abin faɗaɗa sauti, ɓangarorin biyu suna cin karo su kashe juna. Ɗauko SPAN ta Voxengo, kyauta ce, ka duba ma'aunin jituwar hagu da dama: in yana leƙawa ƙasa da sifili lokacin da 808 ya shigo, ka kama ɓarawo. Magani: ƙasa da 120 Hz ya zama mono. A mikisar FL akwai ɗan maɓallin raba sitiriyo a layin 808, murɗa shi dama gaba ɗaya. In kana son faɗi, ba wa saman bes ɗin kaɗai. Ka kuma yanke ƙasa da 30 Hz, ba ya ƙara komai sai wahalar da limita.

Haɗiye murya kuwa laifin ɗakinka ne. Ɗaki mai tsawon mita 3.4 yana riƙe 50 Hz tsakanin bangonsa biyu: a jikin bango ya kumbura, a tsakiya ya kusan mutuwa. Kana zaune a tsakiya, ga sifikun inci 5 waɗanda dama can ba sa sauka nan sosai, sai ka yi ta ƙara abin da ba ka ji. Gwada da kanka: saki 808 mai tsawo ka taka daga bango zuwa bango. Sannan ka matsa da kujera gaba, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin. A nan hedfon da manhaja suke da rana, domin sun cire ɗakin daga lissafi.

Yar Sabon Zango:
Ku tuna a Kumasi waƙa ta fi yin yawo a biki da suna, ƙarƙashin rumfa a bakin titi, fiye da cikin kulob. Babu bango, bes yana watsewa, kuma sau da yawa an ƙure sifikun. Manhajar kulob ba ta kwaikwayon wannan. Yayana, ka samu masu hayar sifiku lokacin da suke haɗa kaya kafin jama'a su taru, ka ba su waƙar a fayil ɗin WAV (wanda ba a matse ba) a filasha, ba MP3 mai 128 kbps ba. Ka saurara daga gaban sab, ka ja baya taku ashirin ka sake ji ko kalmomin suna fita.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai. Kik (bugun babbar ganga) da 808 fa, in suka faɗo tare?

Injiniya na Asawase:
Zaɓi ɗaya ya mallaki 50 zuwa 60 Hz. A asakaa 808 ne, don haka gajarta wutsiyar kik, ka sa 808 ya duƙa kamar 3 dB duk sanda kik ya buga. In har yanzu suna rage wa juna ƙarfi, juya fuskar igiyar sautin kik ɗin (sama ya koma ƙasa) ka sake ji a mono.