Kallon guguwar hunturu a gaɓar Tekun Fasifik: wace rana ce ta dace, kuma a ina ya kamata mutum ya tsaya?

Baƙuwar Teku:

Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa yammacin tsibirin Bankuba da ke Kanada a watan Disamba domin in ga raƙuman ruwan da ake ta ba da labarinsu a garuruwan Tofino da Ucluelet. Kwanakin da zan yi ba su da yawa, don haka nake neman shawarar waɗanda suka san harkar. Shin ranar da iska ta fi ƙarfi ita ce ranar da kallo ya fi armashi? Sannan yaya mutum zai matsa kusa har ya ji ƙarfin abin ba tare da ya sa kansa cikin haɗari ba?

Mai Bibiyar Yanayi:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Watan da kika zaɓa ya yi daidai, domin lokacin guguwa a wannan gaɓa yana farawa ne daga Nuwamba har zuwa wajen Maris, lokacin da manyan hadura ke tasowa daga yankin tsibiran Alushiyan da ke wajen Alaska su ratso dubban kilomitoci na buɗaɗɗen teku ba tare da wata ƙasa ta tare su ba.

Sai dai ranar da iska ta fi ƙarfi ba lalle ba ne ta zama ranar kallo. A irin wannan rana ruwan sama yana zuwa ne a karkace, hazo ya rufe ko'ina, tekun kuma ya hautsine ta yadda ba a bambance wannan raƙumi da wancan. Abin da ya kamata ki duba a hasashen yanayin teku shi ne tazarar da ke tsakanin raƙumi da mai bin sa, wadda ake aunawa da daƙiƙa. Idan tazarar ba ta wuce daƙiƙa 8 ko 9 ba, iskar da ke kusa ce ta tayar da su, kuma ba su da wani nauyi. Idan ta kai daƙiƙa 15 zuwa sama, to daga nesa suka taso, sun jeru a hanya, kuma kowane ɗaya yana ɗauke da ruwa mai yawan gaske, wanda idan ya tarar da dutse sai ya tashi sama da ƙarar da ake ji har a ƙirji. Irin waɗannan sukan iso ko da sama ta washe, shi ya sa sau da yawa ranar da ta gabaci hadarin ko wadda ta biyo bayansa ta fi daɗin kallo.

Ki haɗa wannan da jadawalin cikar teku da janyewarta. Cikar takan kai maƙura a kwanakin da wata ya cika ko yake sabo, musamman idan ya matso kusa da duniya. Idan babban raƙumi ya haɗu da irin wannan cika, ruwa yakan kai wuraren da ba ya kaiwa a sauran shekara.

Tsohon Ma'aikacin Ceto:

Bayanin ɗan'uwa ya gamsar, amma rabin tambayarki na biyu ya fi damuna. Tsayin da hasashe ke bayarwa ba shi ne tsayin mafi girman raƙumi ba. Matsakaicin tsayin kashi ɗaya bisa uku na mafiya girma ne, kuma ɗaya daga cikinsu yana iya kusan ninka wannan adadi. A Nuwamban 2020 wata na'urar awo da ke shawagi a kan ruwa kusa da Ucluelet ta auna raƙumi mai tsayin mita 17.6 alhali waɗanda ke kewaye da shi ba su wuce kimanin mita 6 ba. Wannan ba kullum yake faruwa ba, amma yana nuna cewa tekun ba ya bin lissafin wanda ke tsaye a bakinsa.

Abin da ya fi cin mutane shi ne shirun da ke shiga tsakani. Raƙuma masu doguwar tazara suna zuwa ne rukuni-rukuni, ta yadda mutum zai tsaya minti 15 ko 20 yana ganin ruwa bai wuce wani wuri ba, ya saki jiki ya sauka kan rairayi, sai ɗaya ya zo ya haura nesa da inda sauran suka tsaya. Mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya na ruwa ya kai nauyin tan guda, sanyinsa kuma a wannan lokaci yana ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius, wanda ke sarƙe numfashi nan take, ga kuma rigunan sanyi da ke jiƙewa su cika da yashi su ja mutum ƙasa.

Ki kuma kiyayi gungumomin itacen da ke zube a bakin rairayi. Baƙo yakan ɗauka nan ne wurin zama ko fakewa, alhali ruwa kaɗan, ƙasa da gwiwa, ya isa ya ɗaga gungume ya mirgina shi kan ƙafar mutum. Duk dutsen da kika gani a jiƙe, ko da ciyawar teku a kansa, ruwa ya taɓa kaiwa wurin kuma zai sake kaiwa. Hukumar gandun dajin Pacific Rim, wanda ke tsakanin Tofino da Ucluelet, tana kafa allunan da ke nuna matakin haɗarin raƙuman ruwa a kowace rana, kuma takan rufe wasu rairayin idan abin ya tsananta.

Matafiyin Gaɓa:

Ni a ganina, Malama, ki fi ba Ucluelet muhimmanci a kan Tofino, duk da cewa Tofino ce ta yi suna tun bayan da otal ɗin Wickaninnish ya buɗe a 1996 ya mayar da kallon guguwa abin jan baƙi. Gaɓar Tofino galibi shimfiɗaɗɗen rairayi ne, raƙuma suna fashewa can nesa, su iso a matsayin kumfa. A Ucluelet kuwa, wadda ke da nisan kimanin kilomita 40, baƙaƙen duwatsu ne ke karɓar dukan kai tsaye, kuma akwai hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 2.6 da ta zagaye hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Amphitrite, a kan tudu, da wuraren tsayawa da aka tanada. Daga nan za ki ga ruwan ya kumbura ya yi kore kafin ya fashe, feshin gishiri kuma ya sauko miki a fuska duk da kina sama. Wannan ya amsa batun kusanci: tudu ne ke ba ki shi, ba rairayi ba.

Lema ba ta da amfani a can, iska za ta juya ta. Ki nemi rigar ruwa da wandonta da takalmin roba, domin yankin yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara. Idan da mota za ki je, babbar hanya mai lamba 4 daga garin Port Alberni tana ratsa tsaunuka, kuma doka ta wajabta tayoyin hunturu a wannan lokaci.

Baƙuwar Teku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kama masauki a Ucluelet, in bar zaɓen ranar fita har sai na ga hasashen tazarar raƙuman da jadawalin cikar teku na wannan makon.