Iyaye mata masu ƙananan yara, yaya wadar zuci take a gidajenku?

Maman Istifanus

Salama a gare ku 'yan'uwa mata cikin Ubangiji. Ina da tambaya, kuma ina so masu goyo da waɗanda suka riga suka yaye nasu su amsa mini daga abin da suka gani da idonsu. Yarana uku, babban bai kai shiga firamare ba, ƙaramar tana nono. Ina ƙaunarsu har raina. Na kuma san abin da Bulus ya rubuta a 1 Timoti 6:6, cewa ibada tare da wadar zuci riba ce mai yawa, kuma na yarda da shi. Amma a ranar da wanki ya taru, wannan yana kuka, wancan ya zubar da ruwa a inda na gama gogewa, dare ya yi ban ko buɗe Littafi Mai Tsarki ba, sai in rasa inda wadar zucin take. Ku yaya kuke yi?

Maman Rifkatu

Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Ni abin da ya fi cin raina shi ne addu'a. Kafin in haihu nakan tashi da asuba in zauna da Littafi da biro, in karanta, in yi addu'a a natse. Da Rifkatu ta zo sai wannan asubar ta zama lokacin da barci yake ɗauke ni bayan shayarwar dare. Na daɗe ina jin kamar na ja da baya cikin bangaskiya.

Abin da ya kwantar mini da hankali Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ne. Musa ya ce wa Isra'ilawa su riƙa yi wa 'ya'yansu zancen maganar Allah suna zaune a gida, suna tafiya a hanya, sa'ad da za su kwanta da sa'ad da suka tashi. Duk wuraren da ya lissafa wuraren da uwa take yini ne. Yanzu aya ɗaya nake ɗauka a mako, in rubuta a takarda in manna a bango daidai inda nake wanke-wanke. Takardar takan jiƙe, tawadar ta bazu, in sake rubutawa. Kafin Asabar na haddace ta, babbar 'yata ma ta kama rabi. Shayarwar tsakar dare kuwa ita ce lokacin roƙona. Yarinya tana tsotso, ɗan hannunta a kan wuyan rigata, ni kuma ina ambaton mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah. Sau da yawa barci yakan kwashe ni kafin in kai ƙarshe, kuma na daina jin nauyin hakan.

Maman Yohanna

Nawa gwajin ranar Lahadi ne. Ki yi wa yara wanka, ki shirya su, ki isa majami'a a gajiye, da an fara wa'azi sai ƙaramin ya tsala ihu. Na yi watanni ina sujada a bakin ƙofa, ina jijjiga yaro a baya, ina tsintar rabin magana ta taga. Akwai ranar da wata ta waiwayo ta yi mini wani kallo, na dawo gida ina hawaye, na ce wa maigida gara in riƙa zama a gida har yaron ya yi wayo. Shi ne ya buɗe mini Markus 10:13-16, inda almajirai suka kwaɓi masu kawo yara, Yesu kuwa ya ji haushi ya ce a bar su su zo wurinsa, ya rungume su ya sa musu albarka. Na ci gaba da zuwa. Daga baya wata dattijuwa ta ɗauki nauyin zama kusa da ni, tana karɓar yaron in an shiga wa'azi. Yau Yohanna bai iya magana sosai ba, amma da an ce a yi addu'a sai ya runtse ido ya haɗa hannu, ya riga kowa cewa amin. A bakin ƙofar nan ya koya.

Kakar Haruna

'Ya'yana, ni nawa sun girma, jikoki nake riƙewa yanzu. Ba zan ce muku ku ji daɗin lokacin domin yana wucewa da sauri ba. An faɗa mini haka ina goyo, bai rage mini gajiya ko kaɗan ba.

Bari in ba ku labarin Susanna Wesley, matar wani fasto a Epworth ta ƙasar Ingila, wadda ta rayu daga 1669 zuwa 1742. Ta haifi 'ya'ya 19, tara sun rasu tun suna jarirai. An taɓa kulle mijinta saboda bashi, gidansu kuma ya ƙone a 1709, da ƙyar aka ciro ɗanta John ta taga. Duk da haka ta ware wa kowane yaro lokacinsa a mako, su zauna su biyu ta ji abin da ke zuciyarsa. Daren Alhamis shi ne na John, kuma har ya girma bai manta da shi ba. Shi da ƙanensa Charles ne suka fara tafiyar da ta zama ikilisiyar Metodis.

Ban kawo ta domin ku gwada kanku da ita ba. Wannan ware lokacin ne na ara daga wurinta, kuma ya yi mini aiki. Yaron da ya fi ƙiriniya a gidana, da na fara zama da shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci ne kafin barci, rigimarsa ta ragu sosai. Ashe kunnena yake nema. Ku kuma tuna Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci a cikin rashi da cikin yalwa. Ni ma sai da na haifi na huɗu kafin na fara jin ta zauna mini.

Maman Tabita

Ni waya ce take sace mini kwanciyar hankali. In yara sun yi barci sai in shiga Facebook, in ga falon wata tsaf, yara cikin kaya iri ɗaya, kowa yana murmushi. In ɗago kai in ga nawa ɗakin, kayan wasa a warwatse, sai raina ya ɓaci da gidan da ɗazu nake gode wa Allah dominsa. Na cire manhajar daga wayata, sai in ina da dalili nake shiga. Yaran ma na rage musu kallo. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce kada a zaunar da jariri da ɗan shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Makon farko an sha kuka, yanzu sun saba.

Maman Bitrus

Maman Istifanus, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma uwa, don haka bari in faɗi abin da ba a cika faɗa a zumuntar mata ba. Akwai gajiya, akwai kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hawaye da sauyin rai a kwanakin farko na jego abu ne da yawancin mata suke ji, yakan wuce cikin mako biyu. Amma in baƙin ciki ya zarce haka, ba kya iya barci ko da jariri ya yi, abinci ya fita ranki, kina jin ba ki da amfani, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn yana zuwa miki, ki je asibiti ba da jinkiri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da irin wannan. Ba rashin bangaskiya ba ne, kuma yana da magani. Na gan shi a jikin mata masu addu'a sosai. Ko annabi Iliya, da ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, barci da abinci Allah ya fara ba shi kafin ya yi masa magana.

Maman Dauda

Na gode Yaya da wannan. Ni kuma ina da ja a kan yadda ake amfani da wadar zuci a rufe wa mata baki. Mace ta ce ta gaji, sai a ce mata ta gode wa Allah, wasu suna neman haihuwa ba su samu ba. Gaskiya ne, amma godiya ba ta hana neman taimako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Afisawa 6:4 ubanni yake umarta su goyi 'ya'yansu cikin horo da gargaɗin Ubangiji, don haka renon ba na uwa kaɗai ba ne.

Ni ina fita aiki, in dawo in tarar da wani aikin. Na zaunar da Baban Dauda wata rana da yara suka yi barci, ban yi faɗa ba, na lissafa masa abin da nake yi daga asuba har dare. Ya yi shiru, domin bai taɓa haɗa su wuri ɗaya ya duba ba. Tun daga nan wankan yamma da addu'ar barci nasa ne. Yakan saka musu riga a baibai, labarin Nuhu kuma kusan kullum shi yake maimaitawa domin shi suke roƙo, ni dai ba na sa baki. A wannan ɗan lokacin nake zama in karanta Zabura ɗaya, wani lokaci in zauna shiru kawai. Maman Istifanus, in maigidanki mai sauraro ne ki gwada wannan lissafin, ki zaɓi lokacin da shi ma ya huta, ki kuma roƙi abu ɗaya takamaimai da zai ɗauka kullum.