Me ya sa tikitin bukukuwan dare na Disney da makamantansu ke ƙara tsada kowace shekara?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar manyan wuraren shaƙatawa na Amurka ce, musamman na kamfanin Disney da ke kusa da birnin Olando a jihar Fulorida. A watannin ƙarshen shekara ana shirya bukukuwan dare na musamman a filin Magic Kingdom, ɗaya na lokacin Halloween, wato bikin 31 ga Oktoba da ake shigar ban tsoro ana raba wa yara alewa, mai suna Mickey's Not-So-Scary Halloween Party, ɗaya kuma na lokacin Kirsimeti mai suna Mickey's Very Merry Christmas Party, kuma kowannensu yana da tikitinsa daban wanda ba ruwansa da tikitin shiga da rana. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda farashin ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan shekaru. A 2019 tikitin bikin Halloween yana farawa daga dala 79, daren da ya fi tsada kuma dala 135 ne, amma a 2025 mafi araha ya koma dala 119, mafi tsada ya kai dala 229. Na Kirsimeti, wanda yake tsakanin dala 99 da 139 a 2019, ya koma tsakanin 169 da 229. Idan magidanci ya ɗauki matarsa da yara biyu a daren da ya fi tsada, bayan an ɗora haraji abin da zai biya ya haura dala 950, alhali bikin kansa daga ƙarfe bakwai na yamma ne zuwa sha biyun dare.

Shin hauhawar farashin kaya ce ta jawo haka, ko kuwa kamfanin ne ya ga wuri ya ɗora? Kuma ga wanda yake da halin zuwa sau ɗaya tak, tikitin biki ya fi cancanta ya saya ko na rana?

Malam Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Hauhawar farashi tana da nata kason, amma ba ta isa ta ɗauki laifin ita kaɗai ba. Daga 2019 zuwa 2025 farashin kayayyaki a Amurka ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, har da shekarar 2022 da hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yuni. To ki auna da alƙaluman da kika kawo: daga dala 79 zuwa 119 ƙarin kusan rabi ne, daga 135 zuwa 229 kuwa ƙarin ya kusa kashi 70 cikin ɗari. Da tsadar albashi da wutar lantarki da alewar da ake rabawa ce kaɗai dalili, da ƙarin bai yi wannan nisa ba, kuma da ba a sami tazarar sama da dala ɗari tsakanin wani dare da wani ba, tunda faretin ɗaya ne, wasan tartsatsin wutar ma ɗaya ne, ma'aikatan ma su ne dai.

Sai an fahimci yadda aka tsara ranar biki kafin a gane inda ribar take. A irin wannan rana ana rufe filin ga masu tikitin rana da ƙarfe shida na yamma, ana barin masu tikitin biki su fara shiga tun ƙarfe huɗu, a ɗaura musu alama a wuyan hannu, sannan da bakwai ta yi ma'aikata su fara duba hannuwa, wanda ba shi da alamar a nuna masa ƙofa cikin ladabi. Wato fili ɗaya, rana ɗaya, an sayar da shi sau biyu ga jama'a biyu. Kamfanin da ya gano wannan hanya ba zai so ya tsaya a dare ɗaya ba, shi ya sa bikin Halloween da ya fara a 1995 a matsayin shagalin dare guda, da tikitin da bai kai dala 20 ba, yanzu ya zama dare 38, yana farawa tun cikin watan Agusta, lokacin da zafin Fulorida bai ko fara sauka ba, balle a ce ana jin ƙamshin kaka. Na Kirsimeti ya girme shi, domin tun 1983 ake yin sa, kuma a shekarun nan dare 25 ake ware masa.

Abu na biyu shi ne tsarin sa farashi gwargwadon rana. Disney ya fara bambanta kuɗin tikitin yini ɗaya bisa lokutan shekara a 2016, a 2018 kuma ya koma sa wa kowace rana nata kuɗin a Fulorida. Irin wannan lissafi ne ake yi wa bukukuwan: daren Talata a watan Agusta ko farkon Satumba, lokacin da yara suka koma makaranta, shi ne mai araha, daren 31 ga Oktoba kuma shi ne mai tsada, duk da haka yakan kasance cikin waɗanda ke fara ƙarewa. A nan amsar tambayarki take a ganina. A shekarun baya-bayan nan kusan kowane dare tikitinsa na ƙarewa kafin ranar ta zo, kuma ɗan kasuwar da hajarsa ke ƙarewa ƙarƙaf bayan ya ƙara kuɗi, abin da zai fahimta shi ne bai ƙara da yawa ba.

Annobar korona ma ta taimaka wajen kafa sabon ma'auni. A 2020 an soke bukukuwan biyu gaba ɗaya. A 2021 aka kawo wasu a madadinsu, masu gajerun sa'o'i da ƙarancin jama'a, na Halloween a kan dala 129 zuwa 199, na Kirsimeti har dala 249, mutanen da suka gaji da zaman gida kuma suka saya. Da ainihin bikin Halloween ya dawo a 2022, bai koma tsohon farashinsa ba, sai ya tsaya a kan dala 109 zuwa 199, saboda an riga an gwada aljihun jama'a an ga abin da zai iya ɗauka.

Baban Khalifa:

Malam, lissafinka ya yi, amma ina ganin an ɗan danne wani ɓangare na gaskiya. Kuɗin da kamfanin ke kashewa ya ƙaru ƙwarai. A 2023 ƙungiyoyin ƙwadago na Walt Disney World, wato wuraren shaƙatawar Disney na Fulorida, suka cimma yarjejeniyar da ta kai mafi ƙarancin albashi dala 18 a sa'a, a 2024 kuma na Disneyland da ke Kalifoniya suka sami dala 24, kuma bikin dare aiki ne mai cin ma'aikata, daga masu rawa a fareti zuwa masu tsayawa suna zuba wa yara alewa a jaka har tsakar dare. Ba na cewa wannan ya wanke kamfanin, sai dai ba daidai ba ne a ɗauka cewa dararen nan kyauta suke zuwa masa.

Game da tambayar Hajiya ta biyu, bai kamata a auna tikitin biki da abin da yake a 2019 ba, da tikitin rana na yau ya kamata a auna shi. Tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom, wanda ya fara haura dala 100 a 2015, ya kai dala 199 a ranakun da suka fi cika a 2025, kuma tun da aka soke tsarin tsallake layi na kyauta mai suna FastPass a 2021, duk wanda ba ya son ya ƙare yininsa a layi sai ya ƙara wani kuɗin ya sayi Lightning Lane, tsarin biya da ya maye gurbinsa. Mai tikitin biki kuwa, idan ya shiga da ƙarfe huɗu, yana da sa'o'i takwas cur, rana ta yi sanyi, kuma layukan yawancin lilo da jiragen wasa gajeru ne saboda jama'a sun tafi kallon fareti. Ga alewa a Halloween, ga biskit da koko mai zafi a Kirsimeti ba tare da biyan ƙari ba, ga kumfar da ake watsowa daga saman gine-ginen babban titin filin kamar dusar ƙanƙara. A bikin Halloween ne kuma ake barin manya su yi shigar burtu, abin da aka hana duk wanda ya kai shekara 14 a ranakun yau da kullum. Wanda ya zaɓi dare mai araha yana iya biyan ƙasa da kuɗin tikitin rana, ya kuma hau abubuwa fiye da wanda ya wuni tun safe.

Hajiya Umma:

Baban Khalifa, ka yi haƙuri, maganar ƙarancin jama'a ita ce inda nake da ja. Abin da ake sayarwa da tsada a daren biki shi ne alƙawarin cewa an taƙaita yawan masu shiga, amma kamfanin ba ya bayyana adadin tikitin da yake sayarwa, saboda haka mai saye ba shi da ma'aunin da zai gane ko taƙaitawar bana daidai take da ta bara. Gaskiya ne layin lilo gajere ne, amma a je a ga bakin titi kafin faretin farko: iyaye sun shimfiɗa mayafai a ƙasa tun da sauran sa'a guda, kekunan jarirai sun tare hanya, wanda ya makara sai dai ya saɓa ɗansa a wuya ya yi ta ɗage. Layin ɗaukar hoto da wasu 'yan wasan da ba sa fitowa sai a daren biki yakan ci sa'a biyu ko fiye, wanda ya kusa rabin lokacin da aka biya wa kuɗi. Ga mai ƙananan yara kuma, sa'o'i takwas ɗin nan a takarda suke, domin yaro ɗan shekara huɗu ba ya kai ƙarfe goma bai yi barci ba, an kuwa biya masa kuɗin da dala 10 kacal ya gaza na babba.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato mai tikitin rana. A makon da aka yi biki dare uku ko huɗu, shi an rage masa yamma, ba zai ga wasan tartsatsin wuta ba, sauran ranakun da ba biki kuma sai su cika maƙil saboda kowa ya karkata can.

Maman Ikram, shawarata ita ce idan faretin Kirsimeti ne burinki, ki sani cewa bayan daren biki na ƙarshe, a kwanakin da ke dab da Kirsimeti zuwa ƙarshen shekara, an saba nuna faretin da wasan wutar ga masu tikitin rana ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai waɗannan su ne ranakun da suka fi tsada da cunkoso a shekara. Ki kuma lura cewa tikitin biki na dare ɗaya ne tak, a ƙa'ida ba a mayar da kuɗinsa, kuma watannin Agusta da Satumba lokacin ruwan sama da guguwa ne a Fulorida, idan hadari ya taso ana iya jinkirta fareti ko a soke shi.

Ɗan Kallo:

Ina so in ƙara cewa abin bai tsaya kan Disney ba. Filin Knott's Berry Farm da ke Kalifoniya ne ya yi fice wajen buɗe wannan kasuwa tun 1973, kamfanin Universal, abokin gasar Disney, kuma ya fara nasa a Olando a 1991 da dare uku kacal, yanzu Halloween Horror Nights yana ɗaukar sama da dare arba'in, kuma a can tikitin shiga somin-taɓi ne, domin izinin tsallake layi a dararen da suka cika yakan fi tikitin kansa tsada. Dalilin da ya sa kowa ya rungumi tsarin shi ne watannin Satumba da Oktoba a da lokacin mutuwar kasuwa ne, hutun bazara ya ƙare, na ƙarshen shekara bai zo ba, sai bukukuwan suka mayar da su lokacin girbi. Disney ma ƙara yawansu yake yi: Oogie Boogie Bash a Kalifoniya tun 2019, Jollywood Nights a filin Hollywood Studios tun 2023.

Shi kansa shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa a watan Maris na 2023 cewa wataƙila sun zafafa a wasu farashinsu, amma ba a ga amsawar ta sauko da kuɗin bukukuwan ba, kuma a watan Satumba na shekarar kamfanin ya sanar da shirin zuba dala biliyan 60 cikin shekara goma a ɓangaren wuraren shaƙatawa da jiragen ruwa na yawon buɗe ido, kuɗin da dole wani ya biya. Wasu sun sa rai cewa buɗe sabon filin shaƙatawa na Epic Universe da Universal ya yi a watan Mayun 2025 zai tilasta wa Disney sassauci, tunda in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. An ga rangwame a ɗakunan otal da tikitin kwanaki da yawa, amma a wannan shekarar ce mafi tsadar tikitin Halloween ya tashi daga dala 199 zuwa 229. Abin lura shi ne mafi araharsa bai motsa daga 119 ba, wato ƙarin yana sauka ne a kan dararen ƙarshen Oktoba da na ƙarshen mako, inda aka tabbata ba za a rasa masu saye ba.

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bisa abin da kuka faɗa, zan duba wani dare na tsakiyar mako a watan Satumba, mu shiga tun ƙarfe huɗu, mu bar sayen tikitin rana na wannan yinin gaba ɗaya. Hajiya Umma, saura tambaya ɗaya: tunda a bikin Halloween sau biyu ake yin fareti a dare, na biyun ya fi sauƙin samun wurin tsayawa, ko shi ma sai an kama wuri da wuri?

Hajiya Umma:

Na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin ana yin sa ne bayan ƙarfe sha ɗaya, lokacin da masu ƙananan yara suka riga suka kama hanyar masauki bayan wasan wuta. Idan naki za su iya jurewa, ku hau lilo a lokacin faretin farko, sannan ku sa su yi barcin rana sosai kafin ku fito.