Salula tana jin hirarmu, ko sawunmu take bi?

Alhaji Lawali: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma kada wanda ya ce mini tsoron tsufa ne. Salular nan da ke aljihunmu tana sauraren hirarmu. Jiya a shago muna zancen injin ban ruwa da zan saya wa yaran lambu a Jiratawa, da baki kawai, ko harafi ban rubuta ba. Da dare ina buɗe salula sai ga tallar injin ban ruwa. Wa ya kai musu labari?

Sanusi: Alhaji ka faɗi gaskiya. Ni na daɗe da sanin haka.

Nafi'u: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin jiya, ba wanda ya duba kuɗin injin a intanet?

Alhaji Lawali: Yaron shago ya duba mini wancan sati a wani shafin ƴan Kano. Amma da salularsa ya duba, ba tawa ba.

Nafi'u: To ga bakin zaren nan. Mafi yawan shafukan sayar da kaya akwai ɗan rubutun kwamfuta da aka dasa a ciki, irin su Meta Pixel da Google Analytics. Da an buɗe shafin sai ya aika rahoto: wace irin salula ce, daga wane gari, wane kaya aka duba, minti nawa aka yi, an sa a kwando ko an fasa. Yaronka yana hawa wifi ɗaya da kai, lambarka tana cikin salularsa, kullum kuna wuri guda. Wannan kaɗai yana iya sa na'ura ta jefa ku rukuni ɗaya. Ga shi kuma lokacin noman rani ne, masu injin suna biyan kuɗi a nuna tallarsu ga mazan yankin Maradi. Ba su da buƙatar kunne, Baba.

Sanusi: Nafi'u karatu ya yi maka daɗi. Wane kamfani ne zai fito ya ce yana saurare? A watan Afrilun 2018 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya musanta zancen a gaban majalisar dattawan Amurka, amma me ya kai shi can? Badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook, mutum kusan miliyan 87. A 2019 aka ci tarar Facebook dala biliyan 5. Shi zan yarda da maganarsa?

Nafi'u: Ban ce ka yarda da shi ba, Yaya Sanusi. A 2018 masu bincike a jami'ar Northeastern ta Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000. Ba su kama ko ɗaya tana kunna makirufo a ɓoye tana aika murya ba. Abin da suka kama, wasu suna ɗaukar hoton allon salula suna tura wa wani kamfani. A wurina wannan ya fi ban tsoro. Sannan mu da muke lissafin forfe kamar magani, da ana kwasar murya dare da rana ai da mun gani a jikinmu. Daga Android 12 zuwa sama ma, in makirufo na aiki ɗigo kore yana fitowa a saman allo.

Sanusi: A 2019 fa? Google da Apple da Amazon duk sun amsa cewa akwai ma'aikatan da ke sauraren wasu muryoyin da aka ɗauka.

Nafi'u: Haka ne, an yi. Amma muryoyin da mutane suka yi wa Siri da Alexa da makamantansu ne, wato manhajojin da ake ba umarni da baki, har da waɗanda na'urar ta farka bisa kuskure ta ɗauka. Laifi ne babba, sai dai ba shi ne hujjar cewa da hirar shago ake zaɓo talla ba.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in yi magana, don ni ina cikin masu dasa abin. Shafina na turare da kayan lefe akwai Microsoft Clarity a ciki, kyauta ne. Yana nuna mini inda mata suka fi dannawa, har bidiyon yadda mutum ya zaga shafin. Da shi na gano hotunana sun yi nauyi, mai rezo mara ƙarfi tana gajiya ta fita kafin su buɗe. Na rage su, ciniki ya motsa. Na kuma ga daga Yamai da Katsina ake yawan shigowa, sai na fara rubuta kuɗi da sefa da naira.

Malam Habu: Hajiya, bidiyon yadda mutum ya zaga? Da saninsa? Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, kada ku yi tajassusi, wato binciken asirin mutane. Ina jin tsoron wannan ya shiga ciki.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, ban san sunan kowa ba, ban ga fuskar kowa ba. Mai shago a babbar kasuwa ai yana ganin wadda ta tsaya ta taɓa atamfa ta tambayi kuɗi ta wuce, kuma da haka yake gyara shimfiɗar kayansa. Shi ma tajassusi yake?

Malam Habu: Ita wadda ta tsaya tana ganin mai shago yana kallonta. Kuma in ta wuce ba ya aika wa wani baƙo a ƙasar waje rahoton abin da ta taɓa. Naki kuwa ba a hannunki kaɗai yake tsayawa ba.

Nafi'u: A nan ina bayan Malam. Abin da Hajiya take gani kaɗan ne, amma mai kayan aikin yana gani a dubban shafuka, shi ne ke iya haɗa mutum guda. Kuma irin wannan bidiyon yana da haɗari: a 2017 masu bincike na jami'ar Princeton sun nuna wasu suna kwasar har abin da mutum ya rubuta a gurbin lambar sirri da ta katin banki. Hajiya, a tabbata an rufe guraben suna da lambar waya da adireshi.

Sanusi: Kun gani? Ko da kunne ko ba kunne, ana bin mu. Apple da ta fara tambayar mutane izini kafin manhaja ta bi sawunsu a 2021, Meta, kamfanin da ke da Facebook, da bakinta ta ce abin zai ci mata kusan dala biliyan 10 a 2022. Ashe kuɗin duk a sawunmu yake.

Hajiya Rabi: To in cire ke nan, in koma sayarwa a makance?

Nafi'u: Ba sai kin cire ba. Akwai Matomo, mai irin wannan aikin, wanda ake iya girkawa a sabar mutum, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinsa, bayanan su zauna a wurinsa. Ko a Faransa, a 2022 hukumar kare bayanan mutane ta CNIL ta ce yadda ake amfani da Google Analytics a lokacin ya saɓa doka saboda ana tura bayanan Amurka. Mu ma Nijar muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Mafi ƙaranci ki sa sanarwa, mutum ya zaɓi e ko a'a.

Malam Habu: Da Hausa za a rubuta ta. In da faransanci zalla ne, rabin masu sayen turarenki dannawa kawai za su yi su wuce, wannan ba izini ba ne.

Alhaji Lawali: Na ji ku duka, amma ni ban sauka daga maganata ba. Nafi'u, gobe bayan azahar ka biyo shago ka nuna mini inda ake hana manhaja taɓa makirufo.

Hajiya Rabi: In ka gama da Alhaji ka zo ka rubuta mini sanarwar, Malam ya duba lafazin kafin a sa.